Ba yaƙi, ba sulhu: Abin da ke riƙe da yarjejeniyar tsagaita wutar Koriya bayan shekara 70

Tun da aka fara tattauna yadda za a tsayar da yaƙin Rasha da Yukren, sunan Koriya yake ta dawowa bakin masu sharhi da jami'an diflomasiyya. Shawarar da ake kawowa ita ce a tsayar da wuta a inda dakaru suke, a shata layi, a ɗage maganar mallakar ƙasa zuwa wani zamani, kamar yadda aka yi a zirin Koriya a 1953. Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi, domin takardar da aka sa wa hannu a ƙauyen Panmunjom ta haura shekara 70 ba tare da babban yaƙi ya sake ɓarkewa ba. Abin da ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne halin da takardar take ciki a yau. Yawancin sassanta sun daɗe da daina aiki, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka sa mata hannu ya sha shelanta cewa ta mutu.

A safiyar 27 ga Yuli, 1953, Laftanar Janar William Harrison na Amurka, a madadin Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, da Janar Nam Il, a madadin sojojin Koriya ta Arewa da dakarun sa-kai na Sin, suka zauna suka rattaba hannu. Shekara biyu aka shafe ana ja-in-ja kafin a kai ga wannan zama, amma bikin bai wuce 'yan mintuna ba, kuma mutanen biyu suka tashi ba wanda ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu. Bayan awa 12 bindigogi suka yi shiru. Daga baya Janar Mark Clark da Kim Il Sung da Peng Dehuai suka ƙara nasu sa hannun, kowa a inda yake. Koriya ta Kudu, wadda aka yi yaƙin a kan ƙasarta, ba ta sa hannu ba, saboda shugabanta Syngman Rhee yana son a ci gaba da faɗa har a haɗe zirin.

Takardar ba ta ɓoye matsayinta ba. Gabatarwarta ta bayyana cewa sharuɗɗanta na soja ne zalla, kuma an yi su ne domin a dakatar da faɗa har zuwa ranar da za a cimma sulhu na ƙarshe. Sakin layi na 60 ya ba da shawarar a kira taron siyasa cikin wata uku domin a warware batun Koriya baki ɗaya. An yi taron a Jeniba a 1954, aka watse a watan Yuni ba a cimma komai ba. Daga nan nauyin duka ya koma kan sakin layi na 62, wanda ya ce yarjejeniyar za ta ci gaba da aiki har sai an maye gurbinta da gyare-gyaren da ɓangarorin biyu suka amince da su, ko da yarjejeniyar zaman lafiya a matakin siyasa. Ba a sa mata wa'adi ba, ba a kuma bar ƙofar da wani zai fice shi kaɗai ba. Waɗanda suka rubuta wannan sakin layi suna tunanin watanni ne. Ga shi yanzu jikokinsu ke gadin layin.

A fuskar shari'a, nan ne gardamar take. Tsohuwar ƙa'idar yaƙi, kamar yadda take a Dokokin Hague na 1907, ta ɗauki tsagaita wuta a matsayin hutu kawai. Sashe na 36 ya ce idan ba a ƙayyade wa'adi ba, kowane ɓangare na iya komawa fagen daga a duk lokacin da ya so muddin ya sanar da abokin gaba, sashe na 40 kuma ya ba wanda aka saɓa wa damar watsi da yarjejeniyar. Bayan 1945 lissafin ya canja, domin Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta amfani da ƙarfi sai don kare kai ko da izinin Kwamitin Sulhu. A 1951, cikin ƙudurinsa mai lamba 95 kan hana jiragen ruwa masu zuwa Isra'ila ratsa mashigin Suwez, Kwamitin ya ɗauki matsayin cewa tsarin tsagaita wutar 1949 tsakanin Masar da Isra'ila na dindindin ne, don haka babu ɓangaren da zai ci gaba da da'awar haƙƙin mai yaƙi. A bisa wannan fahimta, ko da an yaga takardar, yaƙin da aka dakatar ba ya farfaɗowa da kansa; wanda ya fara harbi sabon yaƙi ya tayar, kuma a kansa alhakin yake.

Wannan ne matsayin da Majalisar ta ɗauka a watan Maris na 2013, lokacin da Pyongyang, cikin fushin takunkumin da ya biyo bayan gwajinta na nukiliya na uku da kuma atisayen Amurka da Koriya ta Kudu, ta ce ta soke yarjejeniyar daga ranar 11 ga wata. Kakakin Majalisar ya amsa cewa tana nan daram, kuma sharuɗɗanta ba su ba kowa damar 'yantar da kansa shi kaɗai ba. Koriya ta Arewa ta taɓa yin irin wannan shela a baya, ciki har da ta watan Mayun 2009. Duk lokacin da ta yi, sojojinta suka ci gaba da tsayawa a bayan layin da takardar ta shata.

Sai dai wanda zai yi adalci ga tarihi ba zai fara lissafin saɓa alƙawari daga Pyongyang kaɗai ba. Sakin layi na 13 ya hana shigo da ƙarin makamai zirin, sai dai musanya wanda ya lalace da irinsa, ɗaya bisa ɗaya. Domin tabbatar da haka aka kafa hukumar sa ido ta ƙasashen 'yan ba-ruwanmu: Siwidin da Suwizalan daga zaɓin Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, Folan da Cekosulobakiya daga zaɓin ɗaya ɓangaren, tare da tawagogin bincike a mashigai goma, biyar a kudu biyar a arewa. Tsarin bai yi nisa ba. Amurka ta zargi Arewa da shigo da jiragen yaƙi ta hanyoyin da masu bincike ba sa gani, ta kuma zargi wakilan Folan da Cekosulobakiya da rufa mata asiri. A 1956 aka janye tawagogin daga mashigan. Ranar 21 ga Yuni, 1957, Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar a Panmunjom cewa sharaɗin hana sababbin makamai bai ƙara ɗaure ta ba, kuma a farkon 1958 makaman nukiliyar Amurka suka sauka a Koriya ta Kudu, inda suka zauna har 1991. Ke nan sashen da ya fi kowane muhimmanci wajen hana tseren makamai bai kai shekara huɗu a raye ba, kuma ɓangare guda ne ya binne shi, duk da cewa sakin layi na 61 ya ce gyara sai da yardar kowa.

Sauran ginshiƙan sun bi sahu a hankali. Hukumar soja ta haɗin gwiwa, wadda aka ɗora wa binciken kowace ƙeta, ta gurgunce a 1991 lokacin da aka naɗa janar ɗan Koriya ta Kudu ya jagoranci tawagar Rundunar Majalisar. Arewa ta ce ba za ta zauna da wanda ƙasarsa ba ta sa hannu ba, ta fice a 1994, Sin ma ta janye wakilanta a shekarar. An sallami tawagar Cek a 1993, ta Folan a 1995. Abin da ya rage na hukumar sa ido a yau shi ne 'yan tsirarun hafsoshin Siwidin da Suwizalan a gefen kudu, suna taro suna rubuta rahoton da ɗaya ɓangaren ba ya karɓa. Ko yankin da aka ce an tsarkake daga makamai, mai faɗin kilomita huɗu da tsawon kimanin kilomita 250, yana cikin wuraren da suka fi yawan nakiyoyi da shingaye a duniya.

Jini ma bai daina zuba ba. A Janairun 1968 kwamandojin Arewa 31 suka kutsa har kusa da fadar shugaban ƙasa a Seoul, bayan kwana biyu kuma aka kama jirgin leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo. A Agustan 1976 aka kashe hafsoshin Amurka biyu da gatari a Panmunjom kan rikicin sassabe bishiya. Mafi yawan tashin hankalin baya-bayan nan a teku ya faru, kuma dalilinsa yana cikin abin da takardar ta bari a buɗe: ta shata layi a tudu, ba ta shata a ruwa ba. Layin tekun yamma Rundunar Majalisar ce ta ja shi ita kaɗai a Agustan 1953, Arewa kuma ba ta yarda da shi. A kusa da shi jirgin ruwan yaƙi na Cheonan ya nitse a Maris na 2010 da sojoji 46, lamarin da binciken da Seoul ta jagoranta ya ɗora wa Arewa ita kuma ta musanta, kuma a can aka yi wa tsibirin Yeonpyeong ruwan igwa a Nuwamban shekarar, mutum huɗu suka mutu.

To me ya rage, idan an zare duk waɗannan? Layin kansa, da fahimtar kowane ɓangare cewa ƙetare shi da runduna zai jawo abin da ba zai iya ɗauka ba. Zaman kar-ta-san-kar ne, kuma ba takardar Panmunjom ce ta samar da shi ba. Wasu takardu ne da aka rubuta a gefenta.

Ta farko ita ce kuɗin da aka biya kafin Rhee ya yi shiru. A ranar 18 ga Yuni, 1953, yana neman wargaza tattaunawar, ya buɗe sansanoni ya saki fursunonin yaƙi sama da 25,000 waɗanda ba sa son komawa Arewa. Washinton ta lallashe shi da alƙawarin yarjejeniyar tsaron juna, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Oktoba, 1953, ta fara aiki a Nuwamban 1954. A ƙarƙashinta ne har yau sojojin Amurka kimanin 28,500 suke zaune a Koriya ta Kudu. A ranar da aka tsagaita wuta kuma, ƙasashe 16 da suka ba da dakaru, ciki har da Habasha da Afirka ta Kudu, suka fitar da sanarwa a Washinton cewa idan aka sabunta hari za su sake haɗa kai su tunkare shi. A ɗaya gefen, Kim Il Sung ya ƙulla yarjejeniyoyin taimakon soja da Tarayyar Sobiyet da Sin cikin mako guda a Yulin 1961.

Yana da kyau mai karatu ya lura da bambancin lafazi a nan, domin a kansa komai ya rataya. Yarjejeniyar tsagaita wutar ba ta da ƙofar fita, amma yarjejeniyar tsaron da ke riƙe da ita tana da: sashe na 6 ya ce za ta dawwama ba wa'adi, sai dai kowane ɓangare na iya kawo ƙarshenta shekara guda bayan ya ba da sanarwa. Sashe na 3 bai ce Amurka za ta shiga yaƙi kai tsaye ba. Ya ce kowace ƙasa za ta tunkari haɗarin bisa tanadin tsarin mulkinta. Majalisar Dattawan Amurka ta ƙara da fahimtar cewa alƙawarin ya shafi harin da aka kawo daga waje ne kaɗai, wato ba za a bi Rhee ba idan shi ya nufi arewa. Garkuwa ce ga Seoul, kuma linzami ce a bakinta. Har yanzu, idan yaƙi ya tashi, janar ɗan Amurka ne zai riƙe ragamar rundunar haɗin gwiwa, ko da yake Koriya ta Kudu ta karɓi ikon sojojinta na lokacin zaman lafiya tun 1994.

Saboda lafazin yana da sassauci haka, abin da ke ba shi nauyi shi ne jikin sojan Amurka da ke tsaye a inda harsashin farko zai iya samun sa. Shi ya sa duk lokacin da aka taɓa yawan dakarun, Seoul takan shiga zullumi fiye da yadda takan shiga idan Pyongyang ta yi shelar soke takarda. Richard Nixon ya janye runduna guda a 1971. Jimmy Carter ya hau mulki a 1977 da niyyar kwashe sojojin ƙasa baki ɗaya, ya dakatar da shirin a 1979. Donald Trump, a wa'adinsa na farko, ya nemi a ninka kuɗin da Koriya ta Kudu ke biya na zaman dakarun ninki da yawa. Tun da Arewa ta yi gwajin nukiliyarta na farko a Oktoban 2006 ta kuma ƙera makamai masu linzami da ke iya kaiwa Amurka, tambayar da ake yi a Seoul ta ƙara kaifi: shin shugaban Amurka zai jefa garinsa cikin haɗari domin garin wani? Sanarwar Washinton ta Afrilun 2023, wadda ta kafa zauren tuntuɓar juna kan nukiliya, yunƙuri ne na amsa wannan tambaya, kuma buƙatar yin ta kaɗai ta nuna cewa alƙawarin 1953 sai ana sabunta masa fenti.

Na Arewa ma haka suke. Yarjejeniyarta da Mosko ta 1961 ta ƙare a 1996 bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, wadda ta gaje ta a 2000 kuma ba ta ɗauke da sharaɗin taimakon soja kai tsaye. Sai a ranar 19 ga Yuni, 2024 Vladimir Putin da Kim Jong Un suka dawo da shi a sashe na 4 na sabuwar yarjejeniyarsu, kuma wanda ya fara cin moriyarsa Rasha ce, domin sojojin Koriya ta Arewa sun je sun yi faɗa a yankin Kursk. Alƙawarin da aka binne kusan shekara 30 ya tashi ne ranar da ɓangarorin biyu suka ga amfaninsa.

Biyetnam ta nuna abin da ke faruwa idan aka cire wannan tokarar. Yarjejeniyar Paris ta 27 ga Janairu, 1973 ita ma ta tsayar da wuta a inda dakaru suke, ita ma ta kafa hukumar sa ido ta ƙasa da ƙasa. Tabbacin da Shugaba Nguyen Van Thieu ya samu kuwa wasiƙun sirri ne daga Nixon, masu alƙawarin martani mai tsanani idan Hanoi ta saɓa. Ba yarjejeniya ce da Majalisar Dattawa ta amince da ita ba, kuma ba a bar dakarun yaƙi a ƙasa ba. Majalisar dokokin Amurka ta toshe kuɗin kai farmaki a yankin daga Agustan 1973, Nixon ya yi murabus bayan shekara guda, Saigon ta faɗi ranar 30 ga Afrilu, 1975.

Tuddan Golan sun ƙara wani darasi na daban, kuma na kwanan nan. Yarjejeniyar raba dakaru da Isra'ila da Siriya suka sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 1974 ta yi shekara 50 tana aiki, da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a tsakani. Ranar 8 ga Disamba, 2024, ranar da gwamnatin Bashar al-Assad ta faɗi, Benjamin Netanyahu ya ce yarjejeniyar ta rushe tunda sojojin Siriya sun bar wurarensu, dakarunsa suka shiga yankin tsakani. Majalisar ta ce tana nan da ƙarfinta, sababbin mahukuntan Dimashƙu suka ce suna kanta, ƙa'idar shari'a ma tana tare da su, domin sauyin gwamnati ba ya sauke wa ƙasa alƙawarinta. Duk da haka tankokin suka shiga. Ingancin takarda a idon lauya bai kare ta ba ranar da ɓangare guda ya rasa ƙarfin da zai sa ɗayan ya yi tunani sau biyu. Jami'an Najeriya da suka yi aikin sasanta Laberiya sun ga irin wannan da idonsu: yarjejeniyar da aka ƙulla a Abuja a Agustan 1995 ba ta hana Monrobiya kamawa da wuta a Afrilun 1996 ba.

Idan aka dawo kan Yukren, wannan ne ya sa Kiyef take mayar da kowace magana kan tabbacin tsaro. Ta riga ta riƙe takardar Budapest ta 5 ga Disamba, 1994, inda Amurka da Birtaniya da Rasha suka yi alƙawarin mutunta iyakokinta bayan ta amince ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada, takardar da ba ta wajabta wa kowa aiko da soja ko ɗaya ba. Ta kuma ga yarjejeniyoyin Minsk na 2014 da 2015, masu layi da masu sa ido, waɗanda Putin ya ce babu su kwana biyu kafin mamayar Fabrairun 2022. Wanda ya ce a yi mata irin na Koriya, sai ya faɗi ko yana nufin takardar Yuli ce kaɗai, ko har da ta Oktoba da dubban sojojin da suka biyo bayanta. Ta farkon ba ta da tsada. Ta biyun ce manyan ƙasashe ke jan ƙafa a kanta, Rasha kuma ta ce ba za ta lamunci dakarun ƙasashen ƙawancen NATO a ƙasar Yukren ba. Akwai kuma farashin da masu yabon tsarin ba su cika ambata ba: iyalai da aka raba tun 1953, waɗanda akasarinsu suka mutu ba su sake ganin juna ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa takardar Panmunjom ta zama fanko. Yarjejeniyoyin da Koriyoyin biyu suka ƙulla tsakaninsu sun fi ta kyawun lafazi, amma ba su kai ta rai ba. Ta soja da aka sa wa hannu ranar 19 ga Satumba, 2018, wadda ta rushe wasu hasumiyoyin gadi ta kuma hana shawagin jirage kusa da iyaka, ta fara warwarewa a Nuwamban 2023, Seoul ta dakatar da ita gaba ɗaya a Yunin 2024. A ƙarshen 2023 Kim Jong Un ya ayyana Kudu a matsayin ƙasar abokan gaba, kuma tun Afrilun shekarar Arewa ta daina ɗaukar wayoyin da ke haɗa ta da Seoul. Hanyar da ta rage ita ce tsohuwar: wata wayar tarho mai ruwan hoda a ofishin Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Panmunjom. Ita ma ta taɓa yin shiru daga 2013 zuwa 2018, lokacin da sai dai jami'i ya tsaya a bakin layi ya karanta saƙo da amsa-kuwwa.

Ta wannan hanya aka fara tuntuɓar Arewa a Yulin 2023, sa'ad da sojan Amurka Travis King ya ruga ya tsallaka layin. An sako shi a watan Satumba. A ranar 9 ga Oktoba, 2024 kuma, lokacin da rundunar Koriya ta Arewa ta sanar da cewa za ta datse hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da ke haɗa ta da Kudu, ta bayyana da bakinta cewa ta buga wa sojojin Amurka waya tun da safe domin kada a yi wa aikin mummunar fahimta a yi arangama bisa kuskure. Bayan kwana shida ta tarwatsa hanyoyin da nakiya, a gefenta na layin da ta ce ta soke tun 2013.